Faifan Garmahon Kaka da Audugar Likita

Kafin wani ya rubuto min "ai ke kika jawo" a ƙasan wannan labari, ku huta da yatsunku, na riga ku gaya wa kaina. Ni Renelle, da hannuna na ɗauki faifan. Amma tunda kuna son jin ƙwaƙwaf, ku gyara zama ku ji wanda ya taya ni.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni malama ce a wata makarantar gwamnati a nan New Orleans. Ina koyar da harshe da tarihi ga 'yan shekara goma sha uku, wato shekarun da yaro ya fi uwarsa sanin duniya. Muna zaune ni da Mama da Kaka a gidanmu mai ɗakuna a jere, irin wanda in ka yi atishawa a falo za a ce maka sannu daga kicin. Sai kuma Dakta Thaddeus Prevost, likitan haƙori, wanda Mama ta tsinto min a coci tun bara.

Thaddeus ba shi da makusa, in dai Mama za a tambaya. Kwat mai ruwan toka ko da gari na tafasa, takalmi ana ganin fuska a jikinsa, baki kullum ƙamshin na'ana'a. A aljihunsa na dama akwai 'yar kwalbar sifirit, a na hagu auduga. Na taɓa ganin ya gaisa da Fada, limaminmu, bayan an tashi daga coci, ya juya baya ya goge tafin hannunsa.

"Mutum mai tsafta, mai asibitin kansa," in ji Mama. "Ke kuma kina ta yauƙi. Shekara ashirin da bakwai, Renelle. So kike ki tsufa kina goge allo?"

"Mama, yanzu ba a goge allo, na lantarki ne."

"To ki auri lantarkin."

A gidanmu akwai wata al'ada. Duk namijin da ke neman 'yar gidan, sai an gayyace shi cin shinkafa da jan wake ranar Litinin, in an gama a zaunar da shi a falo, Kaka ta sa masa faifan mahaifinta. Numa Sabatier sunansa. Da rana magini ne, shafen siminti yake yi wa gidajen masu kuɗi, da yamma ya ɗauki ƙahonsa na tagulla ya tafi gidan rawa busa kiɗan jaz. Sau ɗaya tak aka taɓa naɗar kiɗansa, kuma faifai ɗaya aka ba shi kafin kamfanin ya rushe. Lokacin babbar ambaliyar da ta mamaye garin nan, Kaka ta bar hotunan bikinta a bango ruwa ya cinye, amma faifan nan a cinyarta ya yi gudun hijira har Houston ya dawo. Ba ta yarda a kwafe shi a waya. Ta ce ubanta ba zai zauna wuri ɗaya da hotunan abincin mutane ba.

In an sa faifan, Kaka ba ta kallon fuskar manemi. Ƙafarsa take kallo. In ta motsa da kanta, to mutum ne, yana da kunne, zai ji kukan matarsa. In ta tsaya kamar an dasa, sai a zuba masa wake a roba a raka shi bakin ƙofa. Wannan sirrin matan gidan ne, ba a gaya wa maza. Litinin ɗin da ta wuce ita aka sa wa Thaddeus.

Ni kuwa a makon ina fama da tawa masifar. Manhaja ta ce in gabatar wa yara tsohon jaz, in haɗa shi da tarihin gari da darasin rubutu. Na ce ai abin nema ya samu. Yaran nan fa duk Lahadi suna bayan 'yan badujala a titi, suna rawa har kan motocin mutane. Na shirya hotuna, na ba su labarin Dandalin Kongo, inda kakanninmu bayi suke haɗuwa ranar Lahadi su buga ganga. Na kunna musu tsofaffin kiɗe-kiɗe daga kwamfuta. Ina juyowa na ga rabin aji sun kifa kai.

Jalisa ce ta ɗaga hannu. Jalisa ita ce bakin ajin, yarinya 'yar firit mai kitso har baya, wadda in ta kalle ka sai ka duba ko rigarka a bai-bai take.

"Malama, wannan ba shi ne kiɗan da ake sa wa mutum ba in ya kira banki aka ce ya jira?"

Aji ya kwashe da dariya.

"Zai fito a jarrabawa?" wani ya tambaya daga baya.

"Wannan kiɗan daga unguwarku ya fito," na ce. "Daga titin da kuke bi kullum."

"To su wa suka san su, Malama? Ai mutanen cikin littafi ne," in ji Jalisa.

Maganar nan ta tsaya min a rai har ƙarshen mako. Kuma kun san halina, ba na son a ƙure ni, ko da yarinya ce da ba ta gama famfarar haƙora ba.

Litinin da safe Mama ta kai Kaka asibiti duba ƙafa, na san ba za su dawo ba sai bayan an tashi makaranta. Waken yana jiƙe a tukunya tun jiya. Na shiga ɗakin Kaka a kan yatsu, na jawo garmahon daga ƙarƙashin gado, akwati ne na fata mai hannun waini a gefe. Faifan yana cikin rigar matashi mai furanni, tsakanin tawul biyu. Na ce a raina, zan mayar kafin kowa ya ankara. Haka duk ɓarawo yake cewa, na sani.

Motata tana gareji, don haka na rubuta wa Thaddeus.

"Za ka iya kai ni makaranta? Ina da kaya mai nauyi."

"Da murna, gimbiya. Kayan ba ƙura dai ko? Jiya aka wanke min kujeru."

Na kalli saƙon na ce, Allah, ka ga bawanka.

Da na ajiye akwatin a kan tebur, yaran suka taso kamar an kawo gawa.

"Malama, injin niƙa ne?"

"Ina ake sa masa caji?"

Ban kula su ba. Na wana hannun har ya yi tauri, na ɗora faifan, na sauke allura. Da farko ƙara ce kawai, shuuu, kamar ana soya kifi a ɗaki na gaba. Suka fara ƙunshe dariya. Sai ƙahon ya shigo.

Na ji faifan nan tun ina cikin zanen goyo, amma ban taɓa jin sa a wajen falonmu ba. Ƙahon yana farawa ne a ƙasa, a hankali, kamar mai neman izinin magana. Sai sarewa ta amsa masa da tsiwa. Sai wani ƙaho mai kaurin murya ya sa baki daga gefe.

"Ku saurara," na ce. "Hira suke yi. Wannan ya faɗi tasa, ya bar fili, wancan ya amsa. Mai kaurin muryar nan shi ne kawun da ba a tambaye shi ba amma sai ya tofa."

Ba wanda ya yi dariya, don ba ni suke saurare ba. Can wajen tsakiya ƙahon ya fara hawa, yana hawa, har ka ce zai tsinke, sai aka ji wani mutum a cikin faifan ya yi ihu daga nesa, "Gaya musu, Numa," wani kuma ya fashe da dariya.

Jalisa ta miƙe zaune. "Malama, mutum ne ya yi magana."

"Mutum ne."

"Wane ne Numa?"

"Kakan mamata. Shi ya shafe bangon cocin da ke bayan gidanku."

Ta ƙura wa faifan ido. Sannan ta ce, "A sake sawa."

Na sake sawa. Na ce kowa ya ɗauki biro ya rubuta abin da yake jin ƙahon yana faɗa, na kusa da shi kuma ya rubuta amsar sarewa. Wani yaro ya rubuta cewa ƙahon yana roƙon matarsa ta buɗe masa ƙofa, abokinsa ya rubuta cewa sarewar ta ce ya koma inda ya kwana. Jalisa ta rubuta layi biyu kawai. Ta ce mutum ne da ya yini yana cewa "to, ranka ya daɗe," sai yanzu aka ba shi dama ya yi magana da muryarsa. Ba zan ɓoye muku ba, na juya wajen allo na goge ido. Tun da na fara koyarwa ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba.

Daɗin ne ya ɗebe ni har na bari suka riƙa karɓar faifan hannu-hannu, wai su ji nauyinsa. Na ce a riƙe ta baki-baki. Yara da suka gama cin soyayyen dankali mai jan barkono a hutun rana, kun san irin bakin-bakin da suka riƙe. Masu shirin tambayata ko wani ya naɗa a waya, ku bari. Wayoyin yara a ofis ake kulle su tun safe. Tawa tana cikin jaka, ban ciro ba don tsoron bakin Kaka. Kun ji fa, sata ba ta ba ni tsoro ba, kwafa ce ta ba ni.

Ana kaɗa ƙararrawar tashi Thaddeus ya leƙo, da furanni a leda. Na ce ya zauna ya duba min kayan, in raka yara wajen motocin makaranta. Ban daɗe ba.

Warin na fara ji tun daga ƙofa, irin na ɗakin allura. Yana zaune a kujerata, ya naɗe hannun riga, faifan a gabansa, 'yar kwalbar a buɗe. Ya ɗago audugar yana murmushi da haƙoran nan nasa masu kama da tallar man goge baki. Audugar baƙi ƙirin.

"Dubi dattin da ya fita," ya ce. "Ta uku ke nan. Shekara nawa rabon abin nan da wanka?"

Na matso. Fuskar faifan da take baƙa mai sheƙi ta koma fari-fari, dusu-dusu. Na taɓa da ɗan yatsa, na ji danƙo. Siraran layukan da allura ke bi sun narke sun shafe.

"Thaddeus, ba datti ba ne. Faifan ne."

"Kamar ya?"

"Faifan ne a jikin audugarka."

Ya dubi audugar, ya dubi faifan. "Yaran ne suka bar masa shatin yatsu, jawur. Rigakafi ya fi magani, Renelle. Da wannan za a kai wa tsohuwa?"

Na ɗora shi a garmaho. Shuuu. Na jira. Shuuu. Can ƙasa akwai wani abu kamar mutum yana magana a cikin ruwa, shi ke nan. Na sa allurar a tsakiya, na sa a ƙarshe, duk ɗaya.

Muka shiga mota. Shi ne ya yi ta magana.

"Ki mayar inda yake kawai. Tsohon abu ne, ai dama yana da ranar mutuwa. In an matsa, ki ce yara ne. Wa zai kama yaro?"

Na juya ina kallon titi.

"Kuma kada ki damu da batun anjima. Mama ta gaya min zancen ƙafa." Ya kashe min ido. "Mako guda ina atisaye a asibiti, tsakanin marar lafiya da marar lafiya."

Wato Mama ta sayar da sirrin mata uku saboda asibitin haƙori. Na jingina kaina da gilashi, na ji yana cewa in yi hankali da man gashina.

Na yi niyyar gaya wa Kaka da zarar sun dawo, Allah shi ne shaida. Na mayar da kayan ƙarƙashin gado, na zauna ina haɗa kalmomi. Amma da suka shigo sai Kaka ta wuce ɗaki da fara'a, ta fito cikin rigarta shuɗiya mai ƙwalar leshi, wadda sai bikin Ista take sawa. Ta ɗaura sarƙar lu'ulu'un roba, ta shafa jan baki ya ɗan haura leɓe. Ta ce in zo in gyara mata gashi.

"Yau Baba zai yi baƙo," ta ce tana kallon madubi. "Ja'ira, me ya sami fuskarki? Aure ne fa, ba rataya ba."

Na ci gaba da taje gashin.

Mama kuwa ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur, ta fito da farantai masu bakin zinare da tun rasuwar Babana ba a taɓa su ba. Wake ya dahu luguf da tsiran alade, ga burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara. Ta tilasta min doguwar riga ruwan ƙwai, wai tana sa ni kama da mai hankali. Thaddeus ya iso da sabuwar kwat, aljihun ƙirjinsa ya yi tudu daidai girman akwatin zobe. Ya goge cokalinsa a ƙarƙashin tebur, na gani. Ya yabi waken har sau uku, Mama tana ta narkewa. Ni ko ina ta juya cokali a faranti.

Aka koma falo. Rana ba ta faɗi ba, haskenta yana shigowa ta labule. Kaka ta sa aka ɗauko mata akwatin. Idonta ya yi rauni, don haka ba ta lura da komai ba da ta zaro faifan daga rigar matashin. Ta wana da kanta, ta sauke allura, ta koma kujerarta ta haɗe hannuwa a cinya.

Shuuu.

Kaka tana murmushi, tana jiran inda ƙahon yake shigowa. Ta san wurin kamar yadda ta san sunanta. Wurin ya zo ya wuce. Murmushin ya tsaya a fuskarta bai san inda zai je ba.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Jama'a, Dakta Thaddeus Prevost ne yake buga ƙafa. Takalmin nan mai sheƙi yana sauka a katako daidai wa daida, har da gyaɗa kai, har da lumshe ido. Babu ƙaho, babu sarewa, babu ganga, ƙarar suya kawai, amma bawan Allah ya yi atisaye kuma ba zai bari ya tafi a banza ba.

Kaka ta miƙa hannu ta ɗage allurar. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Likita, me kake ji?"

"Kiɗa mai daɗi, Kaka. Na da ai ba a samun irinsa."

"Haka ne," ta ce. "Ba a samu."

Ta ciro faifan ta shafa shi da tafin hannu, a hankali, ta kai hanci ta shinshina.

"Wa ya taɓa ubana?"

"Ni ce, Kaka." Na sunkuyar da kai. "Na kai shi makaranta yau da safe, don yara su ji."

Mama ta dafe ƙirji. "Renelle, kin haukace ne?"

"Da me aka goge shi?" Kaka ta tambaya, ba ta ko kalli Mama ba.

A nan na yi shiru, da gangan. Na faɗi tawa, na bar masa fili. Na juya na dube shi, na ba shi lokaci har shirun ya yi nauyi. Da ya ce "ni ne," ko da a ciki-ciki, wallahi da na yafe masa kwat ɗin da audugar da komai. Ya gyara zaman wuyan rigarsa, ya yi gyaran murya.

"Yaran yanzu sai haƙuri, Kaka," ya ce.

Kaka ta ɗauke kai daga gare shi. Ni ta kalla.

"Sun ji shi? Kafin nan?"

"Sun ji."

"Har inda ake kiran sunansa?"

"Har nan. Su suka ce a sake sawa."

Ta gyaɗa kai. "To."

Ta rungume faifan a ƙirji, ta ɗauki sandarta. Na tashi zan riƙe ta, ta ce in zauna. Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Da zagina ta yi, ko ta jefe ni da sandar, da na fi samun sauƙi.

Mama ta yi ta ba Thaddeus haƙuri, wai a gafarta mana, gidan ya rikice yau, 'yarta ce ba ta da kai. Ya ce babu komai, shi mai fahimta ne, maganar da ya zo da ita za ta iya jiran Lahadi. Ta raka shi har mota. Da ta dawo ta wuce kicin ta hau kankare tukunya kamar tukunyar ce ta yi laifin.

Na zauna a ƙasa, a bakin ƙofar Kaka, cikin rigata ta masu hankali. Ina jin ta a ciki tana rera kiɗan da hanci. Ta fara daga ƙasa, a hankali, ta yi amsar sarewar, ta zo inda ƙahon yake hawa. Nan ta tsaya. Ta koma farko. Ta sake zuwa wurin, ta sake tsayawa. Shekara da shekaru faifan ne yake riƙe mata wannan wurin, ba ta taɓa buƙatar haddace shi ba. Na so in taya ta daga waje, na tarar ni ma ban iya ba. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka mai isata.

Wayata ta yi ƙara. Thaddeus.

"Na isa gida lafiya. Na gode da ba ki ambaci sifirit ɗin ba. Yau na tabbatar ke matar rufin asiri ce, irin wadda nake nema. Ki tambayar min Mama ko ƙafata ta ci jarrabawa."

Na karanta, na sake karantawa. Na share fuskata da gefen rigar, na miƙe na shiga kicin. Mama tana tsaye ta ba ni baya, hannunta cikin kumfa.

"Mama, surukinki ya aiko da tambaya."

"Ba na son jin muryarki yanzu, Renelle."

"Ba sai kin ji ba. A rubuce take."

Na ajiye wayar a kan teburin kicin, kusa da farantai masu bakin zinare. Mama ta dubi wayar ta gefen ido. Sannan ta goge hannu a tawul, ta laluba aljihu ta ciro tabarau.